IGIYAR AURE TSAKANIN ƘASA BIYU: MATSAYIN SAKI GA WANDA KE ZAUNE A INGILA BAYAN DOGUWAR RABUWA



Batun wannan lacca shi ne halin da miji da mata kan sami kansu a ciki idan an ɗaura musu aure a nan gida, sa'an nan ɗayansu ya haye zuwa Ingila ya zauna, shekaru suka tura babu zaman tare, har ɗaya daga cikinsu ya ga lokaci ya yi da za a sawwaƙe wa juna. An zaɓi Ingila ne domin yawan 'yan Nijeriya da ke can, kuma domin dokokin ƙasar nan na boko daga can aka samo tushensu. Abin da za a faɗa ya shafi Ingila da Wales kaɗai, gama Sikotilan tana da nata tsari dabam.

Akwai wani zato da ya yaɗu cikin jama'a, wai idan mata da miji suka shekara bakwai ko goma ba su ga juna ba, to aure ya mutu da kansa. Wannan zato ba shi da gindi a shari'ar Musulunci, ba shi da gindi a dokar Nijeriya, haka kuma a dokar Ingila. Tsawon rabuwa hujja ce da ake kai wa alƙali, amma ita kanta ba ta tsinka igiya. Matar da mijinta ya shekara 20 a London bai aiko ko sisi ba, muddin bai furta saki ba kuma alƙali bai raba su ba, matarsa ce. In ya mutu za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta ci rubu'i ko sumuni cikin abin da ya bari. In ita ta riga shi, yana da rabi ko rubu'i cikin nata. In kuwa ta yi wani aure a kan wancan zato, ta yi aure kan aure.

Matsalar miji matafiyi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fataken goro sun riƙa tafiya Gwanja su daɗe, alhazan ƙasa sun riƙa bi ta Barno da Wadai da Darfur suna noma suna ci gaba, wani sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya ga Makka, wasu kuma suka yada zango a Sudan ba su ƙara waiwayo gida ba. Saboda haka alƙalan ƙasar nan sun daɗe suna aiki da babin da malaman Malikiyya suka tsara a kan wannan, kamar yadda yake cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim.

Malaman sun rarrabe tsakanin iri biyu. Na farko shi ne mafƙudi, watau wanda labarinsa ya yanke, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Matarsa za ta kai ƙara, alƙali ya sa a bincika, in an gaza samun labari ya yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi idda irin ta mutuwa, ta halatta ga wani. Asalin wannan hukuncin Sayyidina Umar ne, Imam Malik ya kawo shi cikin Muwaɗɗa. Abin lura shi ne, shekara huɗun ba daga ranar da miji ya fita gida ake ƙidaya su ba. Sai an kai magana gaban alƙali tukuna. Matar da ta zauna shekara 10 tana haƙuri ba ta ce uffan ba, a wannan babi ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Har ila yau malamai sun ce wanda ya ɓace a ƙasar da ba ta Musulmi ba, matarsa za ta jira har shekarun da galibi mutum ba ya wuce su, watau ya cika 70 a zance mafi shahara, muddin akwai dukiyarsa da ake ciyar da ita daga ciki. Dalilinsu kuwa shi ne, a zamaninsu ba a iya aika bincike can. Wannan dalili ya raunana ƙwarai a zamanin da ake da ofishin jakadanci da wayar hannu, kuma bai kamata a ɗora wa matar yau jiran da aka gina a kan tafiyar raƙumi ba.

Iri na biyu shi ne wanda aka san inda yake, yana da rai da lafiya, ya dai ƙi zuwa ne. Mafi yawan mazajen da ke Ingila a nan suke. Hukuncinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan bai bar mata abin ci ba, sai ta tabbatar wa alƙali da auren, da tafiyar, da rashin ciyarwa, ta yi rantsuwa, alƙali ya ɗan jinkirta gwargwadon ganinsa, sa'an nan ya sake ta a kansa. Wannan saki na kome ne, watau in miji ya bayyana da abin ciyarwa kafin idda ta cika yana da ikon mai da ita. Idan kuwa yana aiko da kuɗi amma kewa da kaɗaici sun cuce ta, kuma tafiyar ta yi tsawo (shekara 1 a wurin wasu malamai, 3 a wurin wasu), alƙali zai rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ko ya dawo, ko ya aiko a kai masa ita, ko ya sake ta. In ya ƙi duka, alƙali ya raba. Wannan sassauci na Malikiyya ya yi suna har malaman Hanafiyya na Indiya suka aro shi, aka sa shi cikin dokarsu ta raba auren Musulmi ta 1939, wadda ta ba mace ikon neman rabuwa in ba a san inda mijinta yake ba har shekara 4, ko ya daina ciyar da ita har shekara 2.

Shi miji kuwa, shari'a ba ta ɗaure masa hannu ba. Yana iya saki daga inda yake, da baki ko da rubutu. Malikiyya sun ce in ya rubuta yana mai ƙudurta saki, ya auku tun sa'ad da ya rubuta, ko takardar ta ɓace a hanya. In ya rubuta yana cikin shawara da zuciyarsa, sai takardar ta isa gare ta. Idda tana nan wajibi ko da an shekara 15 ba a haɗa shimfiɗa ba. Kuma in ya zo daga baya ya ce ai tun bara ya sake ta, alhali ba shi da shaidu, to daga ranar da ya faɗa za ta soma ƙirga. Saboda haka shaidu biyu da kwanan wata a jikin takarda ba ado ba ne.

Auren rajista, wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin Dokar Aure ta ƙasa, hanyarsa dabam ce, kuma za a taƙaita a kansa. Dokar soja mai lamba 18 ta 1970 ita ke mulkinsa. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke warware shi, bisa dalili ɗaya, watau aure ya lalace yadda ba ya gyaruwa. Cikin abubuwan da ke tabbatar da haka akwai zama a rabe shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko shekara 3 ko ya ƙi ko ya so. Ɗan Nijeriya da ke London yana iya shigar da ƙara a gida muddin doka tana ɗaukar Nijeriya ce gidansa na dindindin. Wannan doka ba ta taɓa auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu a ƙofar gida ko a masallaci. Shi wannan na kotunan yanki ne da kotunan shari'a, ɗaukaka ƙararsa kuma tana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu yana aiki ne a idon gida. Wahalar tana farawa ne daga sa'ad da aka tambaya, shin hukumar Ingila tana ganin wannan saki saki ne?

A da can kotunan Ingila ba su ma yarda su saurari ƙarar auren da aka ɗaura a ƙarƙashin dokar da ta halatta mace fiye da ɗaya, bisa wani hukunci na 1866, ko da mijin mace ɗaya tak gare shi. Sai a 1972 majalisa ta kau da wannan shinge. Tun daga nan auren da aka ɗaura a Kano ko Zariya bisa shari'a, in ya inganta a inda aka ɗaura shi, kotun Ingila tana karɓarsa aure ne, tana kuma iya warware shi. To, amma wanda ya yarda da ɗauri shi ke da ta cewa a kan kwancewa. Dokar Iyali ta 1986, sashe na 44, ta ce babu wani saki da aka yi a cikin tsibiran Birtaniya da zai yi aiki sai wanda kotun hukuma ta bayar. Ma'ana, mutumin da ya zauna a ɗakinsa a Manchester ya rubuta wa matarsa saki, ko ya furta ta waya gaban limamin unguwa, a wurin shari'a ya saki, a wurin dokar Ingila kuwa bai yi kome ba. Turawan shari'a suna kiran irin wannan aure mai ɗingishi, gama ya mutu a ƙasa ɗaya yana tafiya a ɗaya.

Wani zai ce, to sai ya rubuta a can ya aiko gida a kai wa alƙali ya buga hatimi. Wannan dabara an gwada ta. Wani ɗan Fakistan da ke zaune a Ingila ya furta saki a can, ya aika da sanarwa ga matar da hukumar yankinsu a Fakistan kamar yadda dokarsu ta 1961 ta tsara. Maganar ta kai gaban alƙalan Majalisar Dattawan Ingila, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan zamani, suka yanke a 1986 cewa sakin da aka soma a Ingila aka ƙarasa a waje ba abin karɓa ba ne. Wajibi ne a soma shi a gama shi a ƙasa guda.

Saura dabara ta biyu, watau ya hau jirgi ya zo gida ya saki. A nan sashe na 46 ya raba saki gida biyu, kuma wannan rabo shi ne zuciyar al'amarin. Akwai sakin da aka samu ta hanyar hukuma, kamar hukuncin alƙali bayan an saurari ƙara. Shi wannan Ingila tana karɓarsa in ya inganta a ƙasar da aka yi shi, kuma ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasar ne, ko mazauninta ne, ko can ne gidansa na dindindin. Ɗan Nijeriya ya cika wannan sharaɗi da fasfo ɗinsa kawai. Akwai kuma sakin da babu hannun hukuma a ciki, irin na baki ko na 'yar takarda da aka ba ƙanen miji ya kai gidan surukai. Shi wannan sharuɗɗansa sun fi tsanani. Ana duba gidan dindindin na su biyun, sa'an nan kuma ba a karɓarsa sam idan ɗayansu ya kasance mazaunin Birtaniya cikin shekara guda cif da ta gabaci sakin. Mutumin da ya shekara 12 yana aiki a London, ya zo hutun mako 3 ya yi saki a zauren mahaifinsa, ya koma ke nan da aurensa a wuya yadda ya zo da shi. Da ya bi ta gaban alƙali, aka yi wa matar sammaci, aka rubuta hukunci, da matsayinsa ya fi ƙarfi ƙwarai. Sammacin nan kuwa ba abin wasa ba ne, domin sashe na 51 ya ba kotun Ingila ikon ƙin hukuncin waje idan ba a ɗauki matakin da ya dace na sanar da ɗayan ba, ko ba a ba shi damar faɗin ta bakinsa ba.

Abin da ke biyo bayan sakaci a nan ba ƙarami ba ne. In mutumin ya je ofishin rajista a Ingila ya ɗaura sabon aure, auren bai ɗauru ba, kuma yana iya fuskantar tuhuma, gama dokarsu ta 1861 ta sa aure kan aure cikin laifuffukan da ɗaurinsu ke kai shekara 7. In ya nemi izinin shigo da sabuwar amarya daga gida, ma'aikatan shige da fice za su tambayi yadda auren farko ya ƙare. In ya mutu bai bar wasiyya ba, uwargidan da yake zaton ya rabu da ita tun tuni ita ce matarsa a idon dokar gadonsu.

Hanya ta uku ita ce a nemi saki a kotun Ingila kai tsaye, kuma a nan ne maganar tsawon rabuwa ta sake kama. Dokar 1969, wadda ta soma aiki a 1971, ta sa zama a rabe shekara 2 in an yarda, ko 5 in ba a yarda ba, cikin hujjojin saki. Mutane da yawa har yanzu suna zaune suna ƙirgen shekara biyar ɗin nan, ba su san an shafe ta ba. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta hana wata mata saki saboda mijinta ya ƙi kuma hujjarta ba ta gamsar ba, aka bar ta da jiran cikar shekara 5. Surutun da wannan ya tayar yana cikin abin da ya kawo dokar 2020, wadda ta soma aiki ran 6 ga Afrilu, 2022. Ƙarƙashinta ba a tambayar laifin kowa, ba a ƙirga shekarun rabuwa. Mai nema zai bayyana cewa aure ya lalace, a jira mako 20 kafin hukunci na wucin gadi, a ƙara mako 6 kafin na ƙarshe. Ɗayan ba shi da ikon ƙi, sai fa in zai ce kotun ba ta da hurumi ko auren tun asali bai inganta ba. Sharaɗi shi ne auren ya shekara 1, kuma akwai abin da ya haɗa ma'auratan da ƙasar, alal misali mai nema ya zauna can zama na sosai shekara guda kafin ya shigar da takarda.

Abu biyu ke tsai da mutanen ƙasar nan a wannan hanya. Na ɗaya takardar shaidar aure. Kotu tana neman ta, tare da fassara in ba da Turanci take ba, alhali dubban aure a ƙasar Hausa shaidarsu goro ne da alewa da mutanen da suka shafa fatiha. Wanda ba shi da ita sai ya roƙi kotu ta karɓi wata shaida a madadinta, wannan kuwa ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi. Na biyu isar da sammaci. Bayan shekara 10 mace ta yiwu ta bar gidan da aka san ta, iyayenta sun rasu, lambar waya ta sake. Kotu ba ta karɓar "ban san inda take ba" haka kawai. Sai mai nema ya nuna ƙoƙarin da ya yi wurin dangi da abokai, sa'an nan a ba shi izinin isarwa ta wata hanya, ko a yafe masa isarwar ɗungum. Wanda ya ɓoye adireshin da ya sani don a gama da sauri, ya gina hukuncinsa a kan abin da za a iya rushe shi daga baya.

Sai a juya al'amarin ta ɗaya fuskar, inda ɗingishin ya fi ciwo. A ƙaddara matar ce ke Ingila, ta je karatun jinya ta sami aiki, mijin yana gida ya ƙara aure ya ƙi sakinta. Ta sami hukuncin kotun Ingila cikin wata 7 ko 8. Shin ta fita daga igiyarsa a shari'a? Idan mijin ne ya nemi sakin, ko ya sa hannu da yardarsa, malamai da dama suna ɗaukar wannan saki ne. Idan kuwa ita ta nema shi ya ƙi, a nan aka saɓa. Majalisar Fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ta tafi a kan cewa hukuncin alƙalin ƙasar yana zartuwa a kan Musulmin da ke zaune a ƙarƙashin dokarta. Wasu malamai sun ce sai Musulmi sun warware. Saboda wannan ne aka sami majalisun shari'a irin wadda aka kafa a London a 1982, kuma binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa Farfesa Mona Siddiqui ta shugabanta, wanda ya fito a 2018, ya gano cewa mafi yawan masu zuwa waɗannan majalisu mata ne masu neman a raba aurensu. Takardar majalisun ba ta da ƙarfin doka a Ingila. Amma Malikiyya sun san asalin abin, domin Shaihu Halil ya ambata cewa inda babu alƙali ko mai mulki, jama'ar Musulmi suna tsayawa a matsayinsa. Duk da haka, ga 'yar Nijeriya wadda danginta da masu neman aurenta ke gida, abin da ya fi kwantar da rai shi ne ta wakilta waliyyinta ko lauya ya shigar mata da ƙara a kotun garin da mijin yake, ko ta hanyar cuta, ko ta hul'i ta mai da sadaki. Takardar alƙalin garinsu ita ce wadda limamin da zai ɗaura mata aure na gaba ba zai yi gardama da ita ba.

Akwai kuma waɗanda aka ɗaura musu aure a Ingila ɗin kanta, a masallaci ko a gida, ba tare da rajista ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta can ta yanke a 2020 cewa irin wannan ɗauri bai shiga ƙarƙashin dokar aurensu ba ko kaɗan. Su waɗannan babu abin da kotu za ta warware musu, babu kuma rabon dukiya irin na ma'aurata.

Maganar dukiya ita ce ta sa wasu mazaje ke rige-rigen zuwa gida su yi saki, don sun san kotun Ingila tana raba gida da fansho tsakanin miji da mata, abin da kotunan gida ba su saba yi ba. Majalisar Ingila ta toshe wannan ƙofa da dokar 1984, wadda ta ba wanda aka saka a ƙasar waje ikon neman haƙƙinsa na dukiya a kotun Ingila in yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar, bayan ya sami izinin kotu. Babbar shari'ar da ta fayyace wannan doka ta 'yan Nijeriya ce. An ɗaura musu aure a London a 1967, suka yi mafi yawan zamansu a Nijeriya, suka rabu a 1999, matar ta koma London da zama. Mijin ya shigar da ƙara a Ikko, kotu ta raba auren a 2005, ta ba matar ikon zama a wani gida a Ikko muddin ranta, da kuɗi kimanin fam 21,000, daga dukiyar da ta kai wajen fam 700,000, wadda mafi yawanta gidaje ne a London. Matar ta kai kuka kotun Ingila aka ba ta kashi 65 cikin 100 na kuɗin gidan da take ciki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke, sa'an nan a 2010 Kotun Ƙoli ta mayar mata da shi. Alƙalan ba su taɓa sakin Ikko ba, sun karɓe shi yadda yake. Rabon dukiyar kawai suka sake dubawa. Wannan dama kuwa tana faɗuwa daga ranar da mai nema ya sake yin wani aure.